Kar-a-taɓa da Shafin Masu Ba da Jini

A ofishin ƙungiyar masu ba da jini kyauta, babu mai kiransa da sunan da ke jikin katinsa na aiki. Kar-a-taɓa ake ce masa, tun daga Hajiya Shugaba har mai shara, kuma yana amsawa, don ya san shi ya jawo wa kansa. Ka jingina da teburinsa, zai ce kar a taɓa. Ka ce wayoyin da ke bayan kwamfutarsa sun cukurkuɗe, bari a warware, zai ce suna aiki a haka, kar a taɓa. Har fankar ofishin da ke ƙara kamar za ta faɗo, ranar da aka kawo mai gyara shi ya tsaya a ƙarƙashinta yana tambaya ko dole ne.

Shekarunsa hamsin da biyu, siriri ne, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa, a gabansa ya taso yana kallon yadda ake kwance agogo a jera kayan cikinsa a kan farin ƙyalle, na farko a hagu, na ƙarshe a dama, sannan a mayar da su ɗaya bayan ɗaya ba tsallake. Bai gaji sana'ar ba, don agogon batir ya zo ya kashe ta tun yana saurayi, amma ya gaji jerin, ya kuma gaji fargabar. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana buga wa mutane takardu da tafireta a wani shago kusa da kotu. Da kwamfuta ta shigo, tsoro ne ya koya masa ita, ba sha'awa ba. Ya ga abin da ya sami ubansa, ya ce shi ba za a kashe masa sana'a yana zaune ba. Haka ya yi ta lallaɓawa, yau darasi ɗaya, gobe rabi, har ya iya haɗa shafin intanet.

Shi ya gina wa ƙungiyar shafinta shekara tara da suka wuce, kuma tun daga ranar shi ke rainonsa. Aikin shafin mai muhimmanci ɗaya ne. Mutum ya yi rajista ya ce ga sunana, ga lambar wayata, ga unguwarmu, ga nau'in jinina, in buƙata ta taso a kira ni. Wanda nasa ke kwance a asibiti kuma ya buɗe shafin, ya zaɓi nau'in da likita ya faɗa, sunaye su fito masa. Mutum dubu uku da ɗari biyu da 'yan kai ne a ciki. Takardun rajista an daina cika su tun shekara shida baya, kuma Kar-a-taɓa ne da bakinsa ya ce wa Hajiya Shugaba ɓarnar takarda ce kawai.

Abin da mutanen ofishin ba su sani ba shi ne, shafin kansa gangar jiki ce, ba ta iya komai. Duk wani aiki da kake gani yana yi, wata 'yar ƙaramar manhaja ce da aka jona masa take yi. Masu sana'ar fulogin suke ce musu. Wannan ta fom ɗin rajista ce, wannan ta hotuna, wannan ta tura saƙon waya, waccan ta korar masu kutse. Ashirin da uku ne a shafinsa, kowace mutum daban ya rubuta ta a wata ƙasa daban, babu wanda ya san ɗan'uwansa. Zamansu kamar na 'yan haya ashirin da uku ne a gida mai famfo ɗaya: ana zaune lafiya har ranar da ɗaya zai tashi da rigima, sai gidan duka ya hargitse. Kar-a-taɓa ya san halin kowace. Yana da baƙin littafi mai kauri inda yake rubuta ranar da ya jona kowace, da ranar da ya sabunta ta, da abin da ta yi masa bayan nan.

Ɗaya ce daga cikinsu ke hana shi sakewa, kuma ita ce uwar aikin, wadda ke riƙe da sunayen tana nemo su in an tambaya. Wanda ya rubuta ta ya watsar da ita shekara huɗu da suka wuce, ko ya mutu ne ko ya sami aikin da ya fi, Allah masani. Tana dai aiki, shi ke nan. Sai kamfanin da ke ba su hayar wuri a intanet ya fara aiko da wasiƙa: ranar kaza za mu sauya tsohon injin da shafuka ke tafiya a kansa, duk mai tsohuwar manhaja ya sabunta ta ko ya canza ta. Sau uku suka aiko. Sau uku Kar-a-taɓa ya karanta, ya buga a takarda, ya ninke, ya sa a cikin baƙin littafi, har ya zagaye ranar da jan biro a kalanda. Ajiya kam ya iya ta. Sau biyu ya fara gwada kwashe sunayen zuwa sabuwar manhaja, sai ya tuna mutum dubu uku ne, ɗaya ya ɓace a hanya ba zai sani ba, sai ya ce gobe. Wata biyar yana cewa gobe.

A gida matarsa ɗinki take yi, kuma bakinta ya fi keken nata sauri. Autansa take kiran shafin. In ya shigo fuska a murtuƙe sai ta ce, "Yaya jikin autan naka, ya sha magani?" Ita kaɗai ta san abin da ya fi ba shi kunya a duniya: mutumin da ya shekara tara yana tara masu ba da jini bai taɓa ba da ko ɗigo ba. Allura yake tsoro, tsoron da ba na wasa ba, tun yana yaro. Ko nau'in jininsa bai sani ba. Duk ranar da ƙungiya ta shirya taron ba da jini, sai aiki ya taso masa a kwamfuta, aikin da ba ya jira.

Ranar wata Talata ya iso ofis tara saura minti goma. Kamar kullum, kafin ya gaisa da kowa sai da ya buɗe shafin. Fari fat. Babu tambarin ƙungiya, babu hoto, babu akwatin bincike, sai layi ɗaya na Turanci a sama yana cewa an sami babbar matsala. Ya sake lodawa, fari. Ya gwada a wayarsa, fari. Ya nufi ƙofar da shi kaɗai ke shiga da kalmar sirri don ya yi gyara, ita ma fari. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi kalanda, ga jan da'irar da ya zana da hannunsa tana kallonsa.

Bai gama cire tabarau ya goge ba sai ga Hajiya Shugaba ta turo ƙofa, wani mutum a bayanta. Hajiya tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mace mai jiki da murya, ba ta iya shigowa ɗaki a hankali ba. Mutumin kuwa bai wuce shekara talatin ba, rigarsa duk 'yan hujojin tartsatsi, baƙin gilashin walda na rataye a wuyansa.

"Malam, buɗe mana O negetif maza," in ji Hajiya. "Matar wannan bawan Allah ta haihu da asuba, jini ya ƙi tsayawa. Leda ɗaya ce da su a asibitin, sun sa mata. Likita ta ce a kawo mutum biyu kafin sha ɗaya."

Kar-a-taɓa ya san abin da hakan ke nufi ba sai an faɗa masa ba. Masu irin wannan jinin kaɗan ne ƙwarai, kuma ba kowane jini ake sa musu ba.

"Nas ce ta ce in duba shafinku," in ji mai walda, yana miƙo wayarsa mai fasasshen gilashi. "Na duba bai buɗe ba, na ce ko wayata ce. Shi ne na taho da ƙafata. Baba, ka taimake ni."

"Hajiya," in ji Kar-a-taɓa, "shafin ya faɗi."

"Ya faɗi ina? To ɗaga shi mana! Ba kai ke cika mana baki kullum kana da kwafinsa a ajiye ba?"

"Akwai kwafi. Amma ba shafin ne ya lalace ba, ƙasar da yake tsaye a kai aka canza. Ko na dawo da na jiya, haka zai sake faɗuwa."

"Ni ban san wannan karatun ba. Minti nawa?"

Shi ma bai sani ba. Ya fara aika wa kamfanin saƙo, ko za su mayar masa da tsohon injin na yini ɗaya. Amsa ta dawo nan take, irin wadda na'ura ke bayarwa: mun gode da tuntuɓarmu, za mu duba cikin awa ashirin da huɗu. Agogon bango ya nuna tara da kwata.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya bi ta bayan gida, ta ma'ajiyar fayiloli da kamfanin ya ba shi, ya nemo jakar da fulogin ashirin da ukun ke ciki, ya canza mata suna don shafin ya neme su ya rasa. Ya sake lodawa. Shafin ya dawo, tsirara, rubutu kawai a jere babu ado. Mai walda ya zabura.

"Ya yi! Baba, ya yi!"

"Bai yi ba tukuna, ɗana. Na kashe su duka ne. Yanzu zan kunna su ɗaya-ɗaya, wadda na kunna ya sake faɗuwa ita ce mai laifin."

Wannan ita ce ƙa'idar sana'ar, kuma babu mai cewa ba daidai ba ce. Amma gaskiya ɗaya ce: Kar-a-taɓa ya san mai laifin. Ya san ta kamar yadda ya san sunansa, wata biyar yana kwana yana tashi da ita. Mai hankali da ita zai fara, ya ga abin da zai gani ya wuce gaba. Shi kuwa sai ya buɗe baƙin littafi ya fara daga ta farko a jeri, yadda ubansa ke mayar da kayan agogo, yana fatan Allah Ya sa wata ce daban. Ya kunna ta hotuna, ya loda, lafiya. Ya kunna ta korar masu kutse, lafiya. Intanet ɗin ofishin ranar kuwa kamar da gayya, kowace lodawa sai ta ja numfashi ta yi ta juya ɗan da'irarta.

Mai walda na tsaye a bayansa, kusa har yana jin ƙaurin ƙarfe a jikin rigarsa. Bai san me ake yi ba, amma ya koyi ƙirga. "Bakwai," ya ce a hankali. "Takwas." Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga, ya ce, "Na'am Yaya, ana nan ana dubawa. Tana magana? To ki riƙe hannunta, kar ki bar ta ta yi barci." Ya kashe ya ci gaba da ƙirga. Gumi ya karyo wa Kar-a-taɓa har yana ɗiga a kan littafin, yatsansa na zamewa a kan linzamin kwamfuta. Hajiya ta fita ta shiga kiran tsofaffin ƙawayenta na asibitoci, ana jiyo muryarta daga baranda, kuma daga yadda take cewa "to, na gode" ka san babu.

Minti ashirin da biyar ya ci kafin ya iso ta ashirin da uku, don ita ya bari a ƙarshe. Ya ce bismillah ya danna. Fari fat.

Ya kashe ta, shafin ya dawo da kyansa, tambari da hotunan mutane suna murmushi da auduga a hannu, komai tsaf, sai dai babu wurin neman suna. Hajiya ta leƙo ta ga launi ta ce alhamdu lillahi. Da ya gaya mata abin da ya rage, ta dube shi irin kallon da take yi wa masu jinya in sun ɓoye mata ciwo.

"Ka san da wannan?"

"Na sani, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

Ba ta da lokacin faɗa, kuma hakan ya fi faɗan zafi. "Sunayen suna nan ko sun tafi?"

Suna nan. Manhajar ce ta mutu, amma rumbun da take zuba bayanai a ciki yana nan a ƙasa. Wuri ne da Kar-a-taɓa ke jin tsoronsa fiye da ko'ina, don a can babu mai tambayarka ko ka tabbata, ka danna ba daidai ba komai ya tafi. A shekara tara sau biyu ya taɓa leƙa shi. Ya shiga. Ga su nan kuwa, layi bayan layi, suna, waya, unguwa. Sai da ya duba gurbin nau'in jini ya ga wata matsalar. Babu A, babu B, babu O. Lambobi ne kawai, ɗaya zuwa takwas. Manhajar da ta mutu ita kaɗai ta san wace lamba ce wane jini. Ya fizgi baƙin littafi ya yi ta buɗe shafukan farko, ya rubuta komai har launin tambari, amma wannan bai rubuta ba. Goma saura minti goma.

A nan ne ya tuna da layi na ɗaya.

Duk mai haɗa shafi yana yin wannan: kafin a buɗe wa jama'a, sai ka cika fom ɗin da kanka da sunan ƙarya ka ga ko yana aiki, daga baya ka goge. Shi ma ya yi. Ya rubuta suna Gwaji, ya sa lambar wayarsa, ya zaɓi nau'in jini da ka. Gogewar ce bai yi ba, don layi na ɗaya ne, kuma wa ya san abin da ke jingine da shi? Ya gangara da ido zuwa gurbin. Takwas. To amma me ya zaɓa a ranar? Zuciyarsa na ce masa O negetif, amma zuciyar da ta yi wata biyar tana ce masa gobe ba abin yarda ba ce. In ya yi kuskure, za a kira mutane su bar aikinsu su je asibiti a gwada a ce ba shi ba ne, lokaci ya ƙare.

Ya fita baranda ya kira matarsa. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Lafiya, Baban yara? Autan ne?"

"Ki bar wasa. Kin tuna matar nan da ta taɓa kiran wayata tana kuka, ina wanka kika ɗauka? Wane jini ta ce?"

Shekara bakwai ke nan da abin. Matar ta samo lambarsa ne a shafin, a ƙarƙashin sunan Gwaji. Ya sa matarsa ta ce mata ba ya gari. Ranar matarsa ba ta ƙara yi masa magana ba har dare, shi kuma washegari ya je ya sa wa layin alamar "ba ya gari" don ya daina fitowa a bincike, ya bar shi a nan.

"O negetif," in ji ta. "Sau uku ta faɗa, ɗanta ne mota ta buge. Kai ka manta, ni da na yi ƙaryar ban manta ba."

Ya koma da gudu, ya ce wa rumbun ya ware masa masu lamba takwas. Talatin da bakwai suka fito. Ya buga a takarda biyu, ya miƙa wa Hajiya ɗaya ya ce ta fara daga ƙasa, ya miƙa wa mai walda ɗaya ya ce ya fara daga sama, shi zai kama tsakiya. Saurin da yake yi bai bar shi ya tuna cewa rumbu ba ya ɓoye kowa ba.

Mai walda ya danna lambar farko ya kara a kunne. Waya ta fara ƙara a aljihun Kar-a-taɓa.

Suka dubi juna. Mai walda ya dubi takarda, ya dubi aljihun, fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya cafki hannun dattijon da hannayensa biyu masu kaushi.

"Baba! Ashe kai ne! Ashe kana zaune a nan! Tashi mu tafi, ga babur ɗina... a'a, na bar shi, mu tari mota. Ɗaya ya samu!"

Da ƙasa za ta tsage da Kar-a-taɓa ya shige. Hajiya ta tsaya da waya a kunne tana kallonsa.

"Ɗana, sake ni," ya ce. "Ba gaskiya ba ne. Sunan gwaji ne na sa tun ina haɗa shafin. Ni ban san nau'in jinina ba. Ban taɓa bayarwa ba."

Mai walda bai sake shi nan da nan ba. Ya ci gaba da riƙe hannun kamar bai ji ba, sannan yatsunsa suka saki ɗaya bayan ɗaya. Bai zage shi ba. Ya sa bayan hannu ya share ido, ya duba takarda, ya danna lamba ta biyu.

Ta biyu a kashe. Ta uku ta ce tana da ciki wata bakwai. Wani ya bar garin tun bara, wani ya ba da jini sati biyu da suka wuce, wata lambar kuma yanzu ta wani ce daban da ya ce kar a sake damunsa. Ɗakin ya cika da "salamu alaikum, daga ƙungiyar masu ba da jini ne", murya uku a lokaci guda. Goma da minti goma Hajiya ta ɗaga hannu: wani mai gidan burodi, layi uku tsakaninsa da asibitin, ya ce bari ya wanke hannu. Goma da ashirin Kar-a-taɓa ya sami wata malamar makaranta, ta ce za ta bar wa abokiyar aikinta ajin ta hau babur.

Babu wanda ya ce ya bi su, amma ya bi su. A motar Hajiya ya zauna a baya, baƙin littafi a cinya, bai san ma ya ɗauko shi ba. A asibitin suka tarar da mai burodi, ƙaton mutum da gari har gwiwar hannu, yana tsokanar nas wai ta ɗiba da yawa, ya yi masa yawa a jiki. Sai da aka gwada jinin, aka tace, aka yi duk abin da ake yi. Sha ɗaya da kusan rabi aka shiga da ledar farko. Kar-a-taɓa na zaune a benci a dogon baranda mai warin magani, yana kallon agogon da ke saman ƙofa, irin na batir. Mai walda ya kasa zama. Yayar matar na gefe da jaririn a naɗe a zani, tana jijjiga shi ko da ba ya kuka.

Ƙarfe ɗaya ta wuce likita ta fito tana cire safar hannu. Ta ce jinin ya tsaya, matar ta buɗe ido har ta tambayi ɗanta. Mai walda ya durƙusa a wurin ya kifa kai a benci.

"Amma kun ja lokaci," in ji likitar, tana duban Hajiya. "Da an ƙara minti ashirin, da wani zancen muke yi yanzu."

Ta faɗa ne kawai ta wuce, ba da kowa take ba. Kar-a-taɓa ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya san inda minti ashirin da biyar suka tafi, shi ya kashe su da hannunsa yana kunna manhajojin da ya san ba su da laifi. Da intanet ta ƙara nauyi kaɗan, da mai burodi yana bakin tanda bai ji wayarsa ba, da matar nan ta tafi, kuma babu wanda zai taɓa sanin dalili sai shi.

Mai walda ya taso ya zo gabansa, idanu jajur. "Baba, na gode. Allah Ya saka." Ya sassauta murya. "Amma don Allah ka goge sunan nan. Wani zai kira, ya sa rai."

"Ba gogewa zan yi ba," in ji Kar-a-taɓa.

Ya miƙe ya nufi ɗakin da mai burodi ya fito. Nas ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci. Ta ce ya naɗe hannun riga, ya naɗe. Da ta ɗauko allurar ya rufe ido gam, ya shiga karanto sunayen fulogin ɗinsa a jere, ta hotuna, ta korar masu kutse, ta saƙon waya, har nas ɗin ta tambayi Hajiya ko addu'a ce. Bai suma ba, ko da yake ya kusa. Jininsa ya fito O fozitif, irin wanda ya fi yawa a gari.

"Kar ka raina shi, Baba," in ji nas. "Irin naka kullum sai an nema."

Da la'asar ya koma ofis. Hajiya ta ce ya tafi gida ya huta, gobe a yi maganar sabuwar manhaja. Ya ce a'a, yau. Kafin ya fara kwashe sunayen sai da ya shiga rumbun nan da yake tsoro, ya buɗe layi na ɗaya. Ya goge Gwaji ya rubuta sunansa na gaskiya. Ya kira mai rajista ɗaya da ya san irin jininsu ɗaya don ya tabbatar da lambar O fozitif, ya cire takwas ya sa bakwai. Ya cire alamar da ya sa shekara bakwai baya. Ya danna ajiye, ya jira rufin ofis ya faɗo masa a ka. Babu abin da ya faɗo.

Rana ta kusa faɗuwa ya shiga gida. Matarsa na kan keke, ta ɗago da tsokanarta a baki, sai idonta ya sauka a kan audugar da ke manne a gwiwar hannunsa. Ta cire ƙafa daga kan keken. Ta daɗe tana kallon audugar, sannan ta tashi ta kawo masa ruwa, ta tsaya har ya shanye.

"To yanzu in an kira kana wanka," ta ce, "me zan ce?"

Ya miƙa mata kofin.

"Ki ce ina gari."